Wace Marsandi, Alhaji?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da wannan tambaya: "Shekarata 19 ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Na tara naira miliyan 60, ban da kayan da ke shago. Ƙanin maiɗakina yana zaune a Hamburg ta ƙasar Jamus. Ya ce in tura masa kuɗin ya sayo min Marsandi uku na hannu, ya ɗoro su a jirgin ruwa, in sayar a nan. Ya ce cikin wata uku kuɗin zai kusa ninkawa, domin Marsandi ba ta kwantai kuma ba ta mutuwa. Na yarda da wannan, don marigayi mahaifina ya hau tasa sama da shekara 20. Shin in tura kuɗin gaba ɗaya, ko in fara da rabi?"

Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka tura gaba ɗaya, kada ka tura rabi, kada ka tura ko sisi a wannan makon. Sau uku na karanta saƙonka ina neman abu ɗaya ban same shi ba: wace Marsandi? Wane samfuri, ƙirar wace shekara, mai shan fetur ce ko dizal, kilomita nawa ta ci, mece ce lambar shasinta? Ba ka faɗa ba, kuma na tabbata ba mantawa ka yi ba, kai ma ba a faɗa maka ba. Sunaye biyu kawai ke hannunka, sunan mota da sunan suruki, a kansu kake shirin ɗora guminka na shekara 19.

Da wani yaro zai shigo shagonka ya ce ka ba shi miliyan 60 ya kawo maka "shadda daga Turai", ai ko tabarma ba za ka shimfiɗa masa ba. Za ka tambaye shi gezna ce ko kwaikwayo, yadi nawa, wane launi, sannan ka murza ta da yatsa ka ɗaga ta a rana. To me ya sa da aka ce Marsandi sai wannan hankalin ya tafi hutu?

Ban ce sunan banza ba ne. Tsohon suna ne, kuma da aiki aka same shi. A watan Janairun 1886 Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku, wadda ya ƙera a Mannheim. Mutane ba su ɗauke ta da muhimmanci ba sai da matarsa Bertha, wadda da dukiyarta aka tallafi sana'ar tun farko, ta ɗauki motar a 1888 ba da saninsa ba, ita da 'ya'yansu maza biyu, ta yi tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Pforzheim, tana sayen mai a kantin magani a hanya. Can kusa da Stuttgart kuma Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suna nasu aikin dabam. Kamfanonin biyu sun daɗe suna gogayya, sai a 1926, bayan tsadar rayuwa ta durƙusar da kasuwar Jamus, suka haɗe suka zama Daimler-Benz.

Amma wanda nake so ka duba da kyau ɗan kasuwa ne irinka, Emil Jellinek, da ke zaune a birnin Nice na Faransa yana sayar wa attajirai motocin Daimler. A 1900 ya yi odar motoci 36 a kan mak 550,000 (mak shi ne kuɗin Jamus a lokacin), kuɗin da a wancan zamani ya isa ya girgiza kamfanin. Kafin ya sa hannu sai da ya gindaya sharuɗɗa: inji mai ƙarfin doki 35, mota mai tsawo wadda ba ta yi tsayi ba don kada ta riƙa kifewa a kwana, shi kaɗai zai sayar da ita a wasu ƙasashe ciki har da Faransa da Beljiyam da Amurka, kuma a sa mata sunan 'yarsa, Mercédès. Sunan da ya ruɗe ka ɗin nan daga takardar cinikin wani dillali ya fito, mutumin da bai saki kuɗinsa ba sai da ya faɗi abin da yake so dalla-dalla. Kai kuwa ko launin motocin ba ka sani ba.

Motar mahaifinka, idan lissafina ya yi daidai, ko dai W123 ce, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986 har kusan miliyan 2.7, ko W124 da muke kira bi-but, ko 'yar ƙaramar 190. Waɗannan su ne suka gina maganar "Marsandi ba ta mutuwa", su da manyan motocin 911 da waɗanda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin ANAMMCO na Inugu daga farkon shekarun 1980. Ƙarfe ne tsagwaronsa, wayoyi kaɗan, bakaniken gefen titi ya isa ya kwance injin ya mayar. Wani direban tasi a birnin Thessaloniki na Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ɗinsa, har kamfanin ya karɓi motar ya ajiye a gidan tarihinsa. Wannan gaskiya ne. Sai dai motar da surukinka zai ɗoro maka ba ita ba ce, tauraron gaban kaɗai suka haɗa.

A 1989 Toyota ta fito da Lexus, mota mai laushi da ƙarko a farashin da bai kai na Jamusawa ba. Mercedes ta shiga rage kuɗin ƙira tana kuma cusa na'urori, daga nan labari ya canza. E-Class ta tsakiyar shekarun 1990, mai fitilu huɗu zagayayyu, ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa. A 1997 sabuwar A-Class ta kife a hannun 'yan jarida masu gwaji a Suwidin, dole aka dakatar da sayar da ita aka gyara. S-Class ta 1998 ta zo da shokozoba mai iska, wadda duk bakaniken da ya san Marsandi zai gaya maka nawa take ci in ta sace. A 2005 kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 1.3 su dawo gyara, ciki har da matsalar birki mai aiki da lantarki. A 2019 masu gabatar da ƙara na Stuttgart suka ci shi tarar yuro miliyan 870 kan hayaƙin injinan dizal. Kamfanin ya farfaɗo, yana ƙera motoci masu kyau har gobe, ba na musu. Abin da nake nufi shi ne a cikin gidan nan ɗaya akwai shekarar kirki akwai shekarar wahala, akwai injin da ake nema da kuɗi akwai wanda ake gudu ko kyauta ne.

Shi kansa kamfanin ya taɓa yin irin cinikinka. A 1998 ya haɗe da Chrysler ta Amurka a cinikin kimanin dala biliyan 36, ana ta murna an haɗa manyan sunaye biyu. A 2007 ya rabu da kashi 80 cikin 100 na Chrysler a kan kusan dala biliyan 7.4. Mutane ne masu akantoci da lauyoyi jibgi guda, amma suka yi wa rogo kallon kitse. Kai da ba ka da kowa sai maganar suruki fa?

Tambayi kanka kuma, me ke sa mota ta bar Jamus ta nufo Afirka? A can doka ce duk shekara biyu a kai tsohuwar mota gwajin lafiya, wanda suke kira TÜV. Idan gyaran da ake buƙata don ta ci gwajin ya fi darajarta, sai mai ita ya sallamar wa masu fitar da motoci waje. Ba duka ba ne haka, akwai masu kyau, amma mai kyau ba ta araha, Bajamushe ya san kuɗinta. Sannan da yawa daga cikin E-Class da ke yawo a can dizal ne, wasu tsofaffin tasi ne masu launin hauren giwa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Mai sayen Marsandi a Kano ko Abuja kuwa mai fetur yake nema, mai giya otomatik, baƙa ko fara, irin su C300 da GLK da ML, kuma yawancinsu ta Amurka suke shigowa. ML ɗin ma a jihar Alabama ta Amurka aka riƙa ƙera ta daga 1997. Idan aka kawo maka dizal mai doguwar baya, za ka ga yadda Marsandi ke kwantai, tayoyi su sace, rana ta cinye fenti, dillalai suna zuwa kullum suna taya ta da rabin kuɗi.

Na taɓa zama a kan irin wannan rigima. Wani mai sayar da hatsi ne, mutumin kirki, ya tura wa ɗan yayarsa da ke Turai kuɗin motoci biyu. Ba takarda, ba shaida, ai ɗa ne. Wata huɗu ana cewa jirgi na hanya. Da motocin suka iso Legas sai aka tarar sunan da ke takardar jirgi ba nasa ba ne, kafin a warware wannan kuɗin ajiya a tasha ya taru. Ɗaya motar ta zo da giya mai fizga, ɗayar kuma da aka sa mata na'ura sai bakanike ya ce an taɓa mitar, abin da ta ci ya ninka abin da allo ke nunawa. Abin da ya fi ba ni tausayi, yaron bai yi niyyar cuta ba. A ma'ajiyar kaya yake aiki, bai san mota ba, shi ma wani dillali ne a can ya yi masa wayo, ya kuma ciri wani abu a kuɗin a matsayin ladan wahalarsa tunda ba wanda ya yanka masa lada. Da na ce a kawo rasiɗin saye, babu. Na ce a kawo lissafin abin da aka kashe, sai saƙonnin murya. Mai hatsin ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinsa, kuma har yau shi da yayarsa gaisuwar Sallah kawai ke haɗa su.

Naka ya fi wannan haɗari, domin ƙanin matarka ne. Ranar da lissafi ya ƙi fita, wa za ka tuhuma? In ka yi magana ka taɓa maiɗakinka, in ka yi shiru ka haɗiye miliyoyi, kuma kullum kana kallonta a gida. Kunyar da ta hana ka ce masa "rubuta min" yau, ita ce za ta hana ka ce masa "biya ni" gobe. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba a ce ban da surukai ba.

Maganar ninkawa a wata uku kuwa, bar ta kawai. Wanda ya san hanyar ninka kuɗi a wata uku ba ya neman jarin mijin yayarsa. A ƙaddara miliyan 20 ka ware wa kowace mota. Ba mota ta miliyan 20 za ka saya ba, domin a cikin kuɗin nan ne za a biya jirgi, a biya kwastan, a biya mai fito, a ɗauko ta daga Legas, a canza taya da batir da mai, a yi fenti, a ba dillali la'ada. Tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka wanda ya ce maka za a bi ta Kwatano a rage kuɗi yana gayyato maka kwastan ne har gida. Kwastan kuma yanzu da lambar shasi suke yanka kuɗin fito, ba da abin da ka ce ka saya ba. A abin da na gani, wanda ya san sana'ar, ya sayi daidai, ya sayar da wuri, yana murna in ya ga ribar kashi 10 zuwa 15. Sabon shiga yakan biya kuɗin makaranta da motarsa ta farko.

Ga kuma canji. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kai ɗan Kwari ne, ka san abin da wannan ya yi wa masu odar kaya: mutum ya sayar da riba a takarda, ya je sayo wani kayan ya tarar kuɗin ba su kai ba. Da yuro za ka saya, da naira za ka sayar, kuma tsakaninsu akwai watanni.

Idan duk da haka zuciyarka na kan mota, to mota ɗaya, da kuɗin da in sun ƙone shagonka ba zai girgiza ba. Kafin ka kira Hamburg, ka je wurin masu sayar da motoci biyu ko uku a nan Kano ka tambaye su wace Marsandi ce ba ta kwana, ka kuma sami bakaniken da Marsandi kaɗai yake gyarawa, mai na'urar duba ƙwaƙwalwar mota, ka biya shi ya faɗa maka shekarun da injinan da za ka guje wa. Kai za ka faɗa wa surukinka abin da zai nemo, ba shi zai faɗa maka abin da ya samu ba. In ya samo, ya turo lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, da hoton takardar mallaka, da littafin sabis, da sakamakon gwajin TÜV na ƙarshe. Kuɗin motar ya tafi asusun mai sayarwa bisa rasiɗi mai sunanka, takardar jirgi ma da sunanka. Shi kuma ka yanka masa ladansa a fili, yuro kaza, a rubuta, mutum biyu su sa hannu, ɗaya daga danginka ɗaya daga nasu. Ka gaya wa maiɗakinka da bakinka cewa haka kake yi da kowa.

Ka lura da yadda zai karɓi maganar. In ya ce to, ga lambar, ka sami abokin ciniki. In ya ce "haba Yaya, ba ka yarda da ni ba ne?", ka ce ka yarda da shi ƙwarai, ka aika masa da turmin shadda mai kyau, miliyan 60 ɗinka kuma su ci gaba da juyawa a Kwari inda ka san kan kaya. In lambar shasin ta zo, turo min ita tare da shekarar motar mu duba kafin ka taɓa asusunka.