Tambayi Bakanike: Bulok ɗin Fijo ya yi tsatsa, a jiƙa shi da ruwan batir?

Tambaya: Salamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya bar mana Fijo 504 akori-kura. Tun ambaliyar 2022 da ruwa ya shiga garinmu take ajiye a ƙarƙashin darbejiya. Mun kwance injin, muka tarar bulok ɗin ya yi jawur ciki da waje, fistin biyu ma sun ƙi motsi. Wani ya ce mu zuba masa ruwan batir, wani ya ce sodar sabulu. Wanne za mu bi? Daga wani mai karatu a Auyo, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin komai, ka ajiye maganar ruwan batir. Ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, duk ci yake yi, ga ƙona hannu da makantar da ido. Ina yaron gareji a Wudil na ga an yi wa wani bulok haka, washegari bakin da gasket ke zama ya zama kamar wanda gara ta ci, ƙarshenta 'yan gwangwan aka sayar wa. Sodar sabulu kuwa maiƙo da fenti take wankewa, ba ta yi wa tsatsa abin kirki, kuma in ta taɓa alminiyon sai ta cinye shi. Kan silindar 504 alminiyon ne, bulok ɗin ne zubin ƙarfe, saboda haka kada sodar ta taɓa kan silindar.

Fistin da suka kafe, ka zuba musu man gas haɗe da baƙin mai ka bar su kwana uku ko huɗu. Sannan ka ɗora guntun icce a kai ka riƙa bugawa a hankali. Kada guduma ta taɓa fistin kai tsaye.

Ka yi sa'a da irin wannan injin. Silindar 504 silif ne, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, da ake zarewa, ruwa yana zagaye shi ta baya. Da ka zare su huɗun, duk hanyar ruwa za ta buɗe a gabanka, ka ga laka da ɓawon tsatsa da suka taru a gindi. Can ne aikin yake, jan da kake gani a waje buroshin waya da kananzir sun ishe shi. Ka kankare, ka wanke maiƙon tas da omo, don maganin tsatsa ba ya ratsa mai.

Hanyar da na fi yarda da ita ta wuta ce. Ka samu durom na roba, ka cika da ruwa, ka narka kanwa kamar cokali ɗaya a kowace lita huɗu. Ka cire duk wani alminiyon da metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai daga jikin bulok ɗin, ka nutsar da shi. Ka jera tsofaffin rodi a gefen durom, kada su taɓa shi. Sai cajar batir mai bolt 12: baƙar waya a jikin bulok, jar waya a jikin rodi. Ka riƙe wannan da kyau, in ka juya su bulok ɗinka ne zai lalace. Za ka ga kumfa na tashi, iska ce mai kama wuta, don haka a fili za a yi, ba murhu ba sigari, yara kuma su yi nesa. Kwana biyu zuwa uku, kana goge rodin kullum, tsatsar za ta koma baƙi-baƙi ta saki da buroshi. In wuta ta yi wuya a wajenku, ruwan khal ma yana yi, sai dai ka riƙa dubawa kullum, ka ɗauraye da ruwan kanwa bayan ka fitar.

Da ya fito, kada ka tafi cin abinci. Ɗanyen ƙarfe kafin ka juya ya sake yin ja. Ka hura ramukan mai da iska, ka shanya a rana, ka shafe da baƙin mai nan take.

Yanzu ka sa ido da farce a mazaunin silif na ƙasa, inda sil mai tare ruwa ke zama. In tsatsa ta yi rami a nan, ruwa zai riƙa gangarawa cikin mai ko da ka sa sabon komai, kuɗinka ya tafi a banza. In wurin sumul yake, ka je Ƙofar Ruwa a Kano ka nemo silif da fistin da rin (zoben fistin) saiti guda, don silif ɗin da ruwa ya kwanta a ciki tsawon wannan lokaci ba na sa ran zai riƙe rin. A gwada saman bulok da rula ta ƙarfe kafin a ɗora gasket, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa.

Ranar da motar ta tashi kuma, ina roƙonka kada ka shayar da ita ruwan rijiya zalla. Ka sayi ruwan lagireto mai launi, akwai maganin tsatsa a cikinsa, ka riƙa sauya shi duk shekara biyu.