Amsa ga mai neman karatun doka da ɗa'ar aikin jaridar wasanni a Saudiyya

Ƙanenmu, ka ce kana sharhin ƙwallo a wani gidan rediyo a Kano, kana son zuwa Saudiyya ka karanci doka da ɗa'ar aikin jaridar wasanni, tunda nan za a yi Gasar Kofin Duniya ta 2034. Ga abin da mu mazauna Jidda da Riyad za mu iya gaya maka.

Kada ka tsaya neman digiri mai wannan sunan. Abin da za ka nema shi ne fannin i'ilam, wato aikin jarida da sadarwa, darasin dokoki da ɗa'a yana cikinsa. Akwai shi a Jami'ar Sarki Sa'ud da Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud a Riyad, da Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da Ummul Ƙura a Makka. Ɓangaren wasanni kai za ka gina shi da kanka, ta hanyar kundin kammalawa da wurin da ka zaɓa don koyon aiki. Ana neman gurbi ta dandalin gwamnati na Study in Saudi. A ƙa'idar tallafin karatu, mai neman digirin farko kada ya haura shekara 25, mai neman na biyu kada ya haura 30. Ka fassara sakamakon WAEC ko NECO zuwa Larabci, a buga masa hatimin tantancewa, ka haɗa da takardar lafiya da ta shaidar hali. Abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne saɓanin suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a satifiket, ko ranar haihuwa iri biyu. Ka gyara wannan tun kana gida. Da Larabci ake koyarwa, in naka bai nuna ba za a fara tura ka cibiyar koyon harshe, inda akan ci shekara biyu.

Dokar da ya kamata ka haddace tun kafin ka sauka ita ce ta laifuffukan intanet ta 2007, domin ba ta tambayar ko kai ɗan jarida ne, wayarka kawai take dubawa. Sashe na 3 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Sashe na 6 ya fi zafi: har shekara 5 da riyal miliyan 3 kan abin da aka ɗauka ya taɓa zaman lafiyar jama'a, ko addini, ko tarbiyya. Ka auna wannan da yadda muke sharhi a gida. Can mai sharhi zai buɗe baki ya ce an sayi alƙalin wasa, a yi dariya a wuce. Nan kuwa jimla ɗaya irin wannan a X ta isa a shigar da ƙara. A kotun Najeriya, in ka tabbatar da gaskiyar maganarka ta kan kare ka a ƙarar ɓata suna, amma nan ba lalle ta cece ka ba, domin fallasa mutum kanta ana iya ɗaukarta laifi. Hanya mai kyau ita ce ka faɗi abin da ido ya gani: an taɓa ƙafar ɗan wasa a minti kaza, alƙali bai je duba na'urar VAR ba. Abin da ke zuciyar alƙalin ba naka ba ne. Baƙo kuma yana da ƙarin hukuncin da ɗan ƙasa ba shi da shi, wato a mayar da shi gida.

Hukumar da ke sa ido kan kafafen yaɗa labarai tana hukunta masu rura abin da suke kira ta'assubin wasanni, wato tunzura magoya bayan wata ƙungiya kan wata. Yanke bidiyon ƙwallo daga talabijin ka ɗora a TikTok keta haƙƙin mai lasisin haska wasa ne, ko da daƙiƙa goma ne. Talla a shafinka tana buƙatar lasisin gwamnati da ake kira Mawthooq. Iƙamar ɗalibi kuma, wato takardar izinin zama, ba takardar aiki ba ce, kada ka karɓi kwangilar aiko rahoto sai ka san matsayinka.

Ɗa'a ta fi doka wuyar koyo a nan. A Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya karɓi kashi 75 cikin 100 na ƙungiyoyin ƙwallo na Hilal da Nasr da Ittihad da Ahli. Ka ga sukar yadda ake kashe kuɗin ƙungiya na iya zama sukar hukuma, kuma ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF kullum tana sa Saudiyya can ƙasa a jerin 'yancin jarida. Za ka koyi tsari da ladabi da ingancin aiki, amma binciken ƙwaƙwaf kan masu iko ba a aji za a koya maka ba. Ka karanta kundin ɗa'a na ƙungiyar 'yan jarida ta duniya, IFJ, na 2019, da na 'yan jaridar Najeriya da aka amince da shi a Ilori a 1998. Dukansu sun hana karɓar na goro, kuma tikitin jirgi da ɗakin otal daga ƙungiya na goro ne, kamar kuɗin motar da ake miƙawa bayan taron manema labarai.

Labarin cinikin ɗan wasa kada ka sake shi da majiya ɗaya, musamman in dillali ne, don sau da yawa farashi yake son ɗagawa da bakinka. Raunin ɗan wasa sirrin lafiyarsa ne, sai abin da shi ko ƙungiyarsa suka sanar. Wanda gwajin ƙwayoyi ya nuna wani abu a jikinsa, ka ce ana tuhumarsa, domin yana da damar a buɗe samfuri na biyu, yana kuma iya ɗaukaka ƙara har kotun wasanni ta CAS a Luzan.

In kana neman maudu'in kundi, duba sashe na 19 na ƙa'idar FIFA kan sauya sheƙa, wanda ya hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don buga ƙwallo sai da wasu 'yan togaciya. Yaran Arewa da dillalai ke kawowa da bizar ziyara da alƙawarin gwaji suna buƙatar mai jin Hausa da Larabci, wanda ya san wannan sashe, ya kuma san ba a buga suna ko hoton ƙaramin yaro ba tare da izinin waliyyinsa ba.