Amsa ga mai wayar da ta cika da hotunan biki

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki: waya ta cika har ta ƙi ɗaukar hoto, dangi sun sa ki gaba kan hotunan bikin autarku, ga kuma hotunan Baba, Allah ya jiƙansa, da kike tsoron kada su bi sahun abin da za ki goge. Na ga wata ta ce ki sayi katin memori, wata kuma ta ce ki goge WhatsApp ki sake saukewa. Don Allah ki dakata da shawara ta biyun nan. A wayoyin yanzu, goge WhatsApp na iya tafiya da duk hotunan da suka shigo ta cikinsa, kuma ina kyautata zaton na Baba da yawa ta nan suka shigo miki.

Ni atamfa da leshi nake sayarwa ta waya, don haka hoto shi ne shagona. Amma ba kasuwanci ne ya koya mini wannan karatu ba, rashi ne. A 2019 aka zare mini waya a cikin adaidaita sahu, wata huɗu bayan rasuwar Hajiyarmu. Hotunan sallarta ta ƙarshe duk suna ciki, ni na ɗauka da hannuna, tana zaune a kan darduma jikoki sun kewaye ta. A lokacin ban damu sosai ba, na ce ai na tura wa yayyena, sai su dawo mini da su. Sun kuwa dawo da su. Na zaɓi wanda ya fi kyau na kai wa mai wankin hoto ya yi mini babba na bango, ya buɗe a kwamfutarsa ya juyo mini da ita. Fuskar Hajiya ta dagule kamar an shafa mata ruwa. Ya ce Hajiya wannan ba zai yi girma ba, sai dai ɗan ƙarami na aljihu. A ranar na san cewa WhatsApp matse hoto yake yi kafin ya tura, hoton da ya kai mega uku ko huɗu a kyamara sai ya isa wajen mutum bai kai rabin mega ba. A fuskar waya ba za ki gane ba, sai ranar da kika so wankewa. Tun daga nan na daina ɗaukar "ai na tura wa wance" a matsayin ajiya.

To bari mu fara da abin da ya cika wayar, don da wuya ya zama hotunan da kika ɗauka ne. Ki shiga saitin WhatsApp, wajen ma'ajiya da data, ki taɓa inda aka rubuta Manage storage. Zai jera miki duk abin da ya wuce mega 5, da wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, sannan ya nuna miki nauyin kowace hira. Ranar da na fara dubawa, zauren matan unguwarmu kaɗai ya cinye mini fiye da giga uku: barka da Juma'a mai furanni, bidiyon girki, wa'azin da mutum biyar suka turo a rana ɗaya. Ki share waɗannan hankalinki kwance, ki tsallake hirar 'yan gidanku tukuna. Daga nan ki kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, ya zama sai abin da kika taɓa da yatsanki ne zai sauka. Akwai kuma Media visibility a cikin kowane zaure, idan kika kashe shi kayan zauren ba za su riƙa cakuɗuwa da hotunanki a galari ba. Sharar nan kaɗai za ta ba ki wurin numfashi.

Yanzu hotunan Baba. Su za ki fara kwashewa kafin ki taɓa na biki, domin na biki suna hannun mutum ashirin, na Baba kuwa wataƙila wasu a wajenki kaɗai suka rage. Ƙa'idata ita ce duk hoton da zan yi kuka in ya ɓata sai ya zauna a wuri uku: cikin waya, cikin ajiyar Google, da kuma wani abu da ke cikin durowa a gida.

Idan wayarki Android ce, irin su Tecno, Infinix, itel ko Samsung, kusan tabbas akwai Google Photos a ciki. Kowane adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta, amma ki sani ba na hoto kaɗai ba ne, da saƙonnin Gmail da abin da ke Google Drive duk a tukunya ɗaya suke ci. Da can ana zuba hoto ba iyaka, sun rufe wannan ƙofa tun 1 ga Yunin 2021, kuma daga 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ma cikin giga 15 ɗin nan ake lissafa ta. Saboda haka ki cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp ɗinki, in ba haka ba shi zai cinye wurin. Wajen zaɓar ingancin hoto, ni na bar nawa a kan Storage saver. Yana ɗan rage nauyi, amma hoton na kaiwa megafiksel 16, ya ishi na bango har ya yi saura.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Google Photos da kansa hotunan kyamara kawai yake kwashewa. Wanda ya shigo ta WhatsApp, ko wanda aka turo miki ta Xender, yana wata jaka daban, kuma ba zai taɓa ta ba sai kin shiga saiti kin kunna mata. Ni ban kunna wa jakar WhatsApp gaba ɗaya ba, don ba na son tallan mutane ya cika mini ajiya. Abin da nake yi, in zaɓi hotunan da nake so ɗaya bayan ɗaya in danna musu Back up. Bayan kin gama, kada ki yarda da waya kawai. Ki ari wayar wani ko kwamfuta, ki buɗe Google Photos da adireshinki, ki ga hotunan da idonki, sannan ki fita daga adireshin kafin ki mayar da kayan aro. Maganar data kuwa, yakan jira sai ya samu Wi-Fi. In ba ki da shi, ki sayi datar dare mai araha, ki kunna masa izinin amfani da datar waya, ki sa caji ki kwanta.

Rami na biyu ya fi zurfi. Idan kika goge hoto daga cikin Google Photos, ba daga waya kaɗai ya fita ba, har can ajiyar ya goge. Wata ƙawata ta yi haka da hotunan sunan ɗanta, tana ganin ai sun hau sama. Allah ya taimaka ta faɗa mini da wuri, muka tarar da su a kwandon shara, domin hoton da ya riga ya hau yana yin kwana 60 a can kafin ya tafi gaba ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce maɓallin Free up space. Shi yake cire na cikin waya waɗanda ya tabbatar sun hau, ya bar na ajiya.

Sannan tambayar da na san za ta sa wasu a nan su yi shiru: kin san kalmar sirrin Gmail ɗinki? Yawancinmu yaron da ya sayar mana da waya ne ya buɗe mana a tsaye cikin kasuwa, ya sa abin da ya ga dama, muka karɓa muka tafi. Ajiyar da ba ki da makullinta ba taki ba ce. Ki sauya kalmar yau, ki sa lambar layin da kike amfani da shi kullum a matsayin hanyar dawo da adireshin, ki rubuta su a littafi ki ajiye inda kike ajiye takardun makaranta. Kuma ki riƙa leƙawa, don Google ya ce daga ƙarshen 2023 yana iya rufe adireshin da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba.

Katin memori ba laifi ba ne, amma ban yarda ya zama shi kaɗai ba. Na taɓa sayen wani mai araha da aka rubuta giga 64 a jikinsa, waya ma ta nuna 64. Da na zuba kaya suka yi yawa, sai hotuna suka fara zama toka-toka, wasu suka ƙi buɗewa. Ashe cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Araha ba ta ado. Yanzu filashi nake amfani da shi, mai bakin da ke shiga waya kai tsaye, duk bayan wata biyu ko uku in kwafe sababbin hotunan gida in mayar da shi durowa.

Tsari kuwa ba wani abu mai wuya ba ne, naci yake so. Ina buɗe albam da shekara a gaba sannan sunan sha'anin, kamar "2024 bikin auta kamu" ko "2023 babbar salla", sai su jeru da kansu. Kayan sayarwa albam ɗinsu daban, wanda ya ƙare in goge. Hotunan shaidar tura kuɗi su ma nasu daban, don ranar da mai saye ta ce ta biya ba na son in yi ta laluben galari tana jira. Ranar Juma'a bayan Magariba nakan zauna minti goma in bi na satin. Mu mata mun san halinmu, tsayuwa ɗaya hoto goma sha biyu. Ɗaya ko biyu nake bari, in sa wa wanda ya fi kyau alamar zaɓi.

Sai rabon hotunan biki. Kada ki ce za ki bi dangi ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, datarki za ta ƙare, wayar ta sake cika, don duk abin da kika tura daga galari sai ya ajiye kwafinsa a wata jaka da ba kya gani. Waɗanda kuke gari ɗaya, ku haɗu a gidan Mama ki tura musu ta Xender ko Quick Share, ba ya cin data kuma hoton na zuwa yadda yake. Na nesa kuwa, ki haɗa albam ɗaya a Google Photos ki fitar da mahaɗinsa, wato link, ki aika. A bikin ɗiyar yayata haka muka yi, 'yan'uwanmu na Maraɗi da wata gwaggonmu da ke Jidda duk a ranar suka gani, masu iPhone ma ya buɗe musu. Muka kuma bar ƙofar ƙarawa a buɗe, kowa ya zuba wanda ya ɗauka, har muka samu hotunan ɗaurin aure da mu mata ba mu je ba. Tsofaffin da WhatsApp kaɗai suka iya, ki zaɓar musu goma sha biyar masu kyau, ki taɓa alamar HD kafin ki tura, tun 2023 aka sa ta. Wanda kuma zai wanke hoto, ki tura masa a matsayin Document, shi ne ba a matsewa ko kaɗan. Sai dai ki lura, hoton da aka tura haka yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi in kyamararki na ajiye wuri, don haka na gida kawai nake yi wa wannan.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne hotunan lalle da kamu. Mahaɗin albam ba ya tambayar sunan mai buɗewa, duk wanda aka miƙa wa zai gani. A wajen kamu mata suna sake, wata ba mayafi, wata tana rawa, kuma matan mutane ne. Albam biyu za ki yi. Na ɗaurin aure da walima ya tafi zauren dangi, na cikin gida kuwa ki gayyaci mutum huɗu ko biyar da adireshinsu, ba da mahaɗi ba. Ki tambayi amarya kafin ki saki ko ɗaya, yanzu tana da mai ita. Kada kuma ki dogara da turawar gani sau ɗaya, mai son ajiyewa zai ɗauka da wata wayar. Haka in za ki kai waya gyara, ki cire kati, irin waɗannan hotuna ki kwashe su tukuna.

Na Baba kuma, bayan kin ajiye su, ki bi 'yan'uwa ki tambayi wanda ya ɗauki kowane hoto da wayarsa, ya turo miki na asalin a matsayin Document tun wayar tana raye. Ni sai bayan shekara biyu na samu hoton Hajiya guda ɗaya mai kyau, a tsohuwar wayar wani ɗan ƙanwarta da ya ɗauka ranar saukarsa. Shi ne yanzu a falona. Ki zaɓi biyar ko shida ki kai a wanke miki a takarda, ki ba Mama nata.

Ki faɗo mini sunan wayarki da yawan gigarta, sai in nuna miki daidai inda za ki taɓa, don saitin Tecno da na Samsung ba wuri ɗaya suke ba. Allah ya kai haske kabarin Baba, ya ba amarya zaman lafiya.