Filin Tambaya: Fuska Ta Yi Baƙi Ƙirin, Kubba Ta Ɓace

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba mai hoto. Ni mazaunin Madina ne, motar ziyara nake ja, ina kai alhazanmu Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini. Kowa ya sauka sai ya miƙo mini waya ya ce in ɗauke shi. Rana ce ke ba ni kunya. In na tsayar da mutum ƙarƙashin lemomin harabar Masallacin Manzon Allah SAW don koriyar kubba ta fito a bayansa, ko dai fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, ko fuskar ta fito amma kubbar da sama su koma fari fat. Makon jiya wata Hajiya 'yar Damagaram ta duba hotonta ta ce, "Ɗana, wannan ai inuwata ka ɗauka." Wayar ce, ko hannuna ne?
Mai karatu daga Madina

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba wayar ba ce, kuma hannunka lafiya lau. Abin da ka nema ne ya fi ƙarfin kyamara. Idon ɗan Adam yana leƙa inuwa ya ga fuska, ya ɗaga ya ga kubba cikin rana, duk a ƙiftawa ɗaya, domin ƙwayar ido tana buɗewa tana tsukewa ba tare da ka sani ba. Kyamara kuwa awo ɗaya take yi. In ta auna rana, inuwa ta zama dare. In ta auna inuwa, rana ta ƙone komai. Lemomin nan 250 da aka gama kafawa a 2010 rahama ce ga masallata, amma ga mai hoto tarko ne: mutum yana cikin inuwa mai kauri, abin da ke bayansa yana cikin ranar Hijaz.

Ni ma na sha wannan kunyar. Zamanin fim mai ɗauka 36, na ɗauki gwaggona a Arfa, rana tsaka, tana sanye da fararen kaya. Da aka wanke sai ga mayafi yana tsaye, babu kowa a ciki. Har ta rasu tana tsokanata da shi. Farin yadi yana yaudarar kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fatarmu kuma ita ce ta fara nutsewa.

Saboda haka kafin ka taɓa allon waya, motsa mutumin. Jawo Hajiya daga tsakiyar lema zuwa bakinta, daidai inda inuwa ta ƙare, ta fuskanci filin da rana ke duka. Farin daɓen harabar zai maido haske daga ƙasa ya cika mata fuska, kamar an riƙe mata madubi. Taku uku kawai, amma ya fi duk wani gyaran da za ka yi daga baya. In babu daɓe, kamar a tudun maharba na Uhudu, ka sa wani ya buɗe farin harami ko babbar riga a gefen da rana ke haskawa, kusa da fuskar, ba tare da ya shigo hoton ba. Na yi haka da farin kwalin ruwa ma, ya yi aiki.

Sai kuma wayar. Ka dangwala yatsa a kan fuskar, ƙaramar alamar rana za ta fito. Ja ta ƙasa a hankali har ka ga launin kubba ya dawo, sama ta yi shuɗi. Fuskar za ta ɗan yi duhu, kada ka ji tsoro. Inuwa ana iya ɗaga ta a wurin gyara, ko a wayar kanta ko a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, domin bayanin yana nan a ɓoye. Wurin da ya ƙone ya yi fari kuwa babu abin da ya rage a cikinsa, ko wa ka kai wa. Kada dai ka ɗaga inuwar har ƙarshe, fata za ta yi toka-toka kamar ta mai fama da hunturu. Ka bar HDR a kunne, yana haɗa hotuna da yawa masu haske daban-daban ya fitar da ɗaya, sai dai ka ce wa mutum ya tsaya cak. Filashar waya kuwa, a ganina, ɓata batir ne in mutum ya wuce taku biyu daga gare ka.

Tunda kai ke riƙe da sitiyari, lokaci ma a hannunka yake. A ƙasar nan rana tana hawa saman kai sosai. A Makka, wajen 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli, tana tsayawa daidai saman Ka'aba har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa. Irin wannan hasken yana zuba duhu cikin ramin ido da ƙarƙashin hula. Ka kai su Uhudu da hantsi ko bayan la'asar. Dutsen yana arewa da gari, rana za ta zo daga gefe, jan dutsen ya fito sosai, alhaji kuma ba zai runtse ido ba.

Abu biyu ƙanana. Ka duba bayan wanda kake ɗauka, kada matan mutane su shigo hoton, ka san ba a wasa da wannan a nan. Kuma ka goge gilashin kyamarar da bakin rigarka kafin ka ɗauka. Wayar alhaji ta kwana a jaka tare da dabino da man zafi, rana na bugun wannan maiƙon sai hoton ya yi hazo kamar ana buji a Kano.