Ku Tambayi Malam: Me ya haɗa gudun jirgin ruwa da ɗaurin aure?

Tambaya: Malam, ɗana yana aiki a jirgin kamun kifi a Tema, ya ce jirginsu na gudun "not" 12. Ƙanwarsa kuma ta nuna mini katin biki an rubuta "tie the knot", ta ce wai kalmar ɗaya ce. Gaskiya ne? — Wata uwa daga Nima, Accra

Amsa: Hajiya, 'yarki ba ta yi kuskure ba. Ana rubuta kalmar knot, amma ba a furta harafin farko. Ma'anarta ƙulli, irin na igiya.

A da, kafin zuwan na'ura, matuƙa jiragen ruwan Turai da igiya suke auna gudu. Sukan ɗaure guntun katako a bakin doguwar igiya da aka yi wa ƙulle-ƙulle, tsakanin kowane biyu ƙafa 47 da inci 3. Sai a jefa katakon a bayan jirgi ya tsaya kan ruwa, jirgi ya yi gaba, igiya na zarewa ta hannun mutum ɗaya yana ƙirge. Wani kuma na riƙe da 'yar kwalba mai yashi da ke tsiyayewa cikin daƙiƙa 28. Da yashi ya ƙare sai a riƙe igiya. In ƙulli takwas ne suka wuce, gudun jirgi takwas ke nan. Ni dai dabarar nan tana burge ni har gobe.

Yanzu ƙulli ɗaya na nufin mil ɗaya na teku a awa guda, wato mita 1,852, kamar yadda aka tsayar a taron ƙasashen duniya da aka yi a Monako a 1929. Milin tudu mita 1,609 ne kawai. Matuƙa jirgin sama da ke sauka a Accra ma da shi suke lissafi, haka masu hasashen yanayi in suna faɗin ƙarfin iska a teku.

To, 12 ɗin ɗanki kilomita 22 ne da ɗoriya a awa. Kada ki raina, Hajiya. Jirgi ba ya tsayawa ɗaukar fasinja kamar motar haya ta torotoro, kwana yake yi yana tafiya. Dare da rana ɗaya ya ci kilomita sama da 530, zuwa Kumasi da dawowa ke nan.

Na katin biki kuwa ba ruwansa da teku. Turawa sun ce ƙulla ƙulli, mu muka ce ɗaura aure.

Abu ɗaya za ki gaya wa yaron: in zai faɗi gudun a gaban kyaftin, kada ya ƙara da "a awa", don awar tana cikin kalmar. Sabbin shiga da wannan ake gane su, a yi ta yi musu dariya a tashar Tema.