Sonatar Debussy a taron tara kuɗin agaji

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sonatar Debussy ta gogen Turawa da fiyano, wato kiɗan da Debussy, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, ya rubuta, za ta dace da taron agajin da kuke shiryawa. Ta dace ƙwarai, domin a irin wannan taro aka fara kaɗa ta, a Faris ranar 5 ga Mayu 1917, don tallafa wa sojojin da yaƙi ya makantar. Gaston Poulet ne ya riƙe goge, Debussy kuwa ya zauna kan fiyano alhali cutar daji ta ci jikinsa. Bai kai shekara ba ya rasu.

Sonatar ba ta kai minti 15 ba, don haka ku haɗa da sonatar Ravel ta 1927, shi ma mai tsara kiɗa ne ɗan Faransa. Ku tabbatar an daidaita sautin fiyanon kafin baƙi su iso.