Ibadar Lahadi ga ɗalibar Kirista a Alkahira

Ƙanwata, kin tambaya yadda za ki riƙe ibada idan kin tafi karatu Alkahira. Ki sani Lahadi ranar aiki ce a Masar, hutun mako Juma'a da Asabar ne, shi ya sa majami'u da yawa ke yin sujada ranar Juma'a. Ki nemi majami'ar All Saints ta Anglika a unguwar Zamalek, akwai sujada da Turanci, za ki kuma tarar da 'yan Afirka da dama. Kirsimeti kuwa, Kibɗawa, wato mafi yawan Kiristocin Masar, ranar 7 ga Janairu suke yi, ke kuma 25 ga Disamba tana iya riskar ki a aji. Ranar nan kewar gida ba wasa, don Allah ki tanadi waɗanda za ku ci shinkafa tare tun kafin ta zo.